Jan Launin da Ya Tsaya a Layi na Ɗari Biyu

Kurudu, Abuja.

Ummina 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin buɗe takardar nan a inda na ce ki buɗe ta, bayan motarku ta bar tashar Utako, kun fita daga cunkoson Nyanya da Mararraba, kun kama hanyar Keffi sosai. Na san halinki, wataƙila tun direba bai gama ɗaure kaya ba kin farke ambulan. In haka ne ki mayar da ita jaka, ba na so ki ɗago kai ki gan ni tsaye a jikin mota alhali abin da ke ciki yana hannunki. Allah Ya kai ku Yola lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya, Ya ba direbanku natsuwa, Ya sa ki shiga garin da ƙafar dama.

Babanki ya riga ya yi miki nasa wa'azin a kan salla da kamun kai da zaɓen ƙawaye, bai rage mini komai ba, har rufe tukunyar gas sai da ya taɓo. Abin da ya rage mini guda ɗaya ne, shi kuma baki ya ƙi faɗarsa, shi ya sa na koma wa biro. Kada ki nemi canjin sashen nan da kika ce za ki nema in kin isa. Ki zauna a ƙarƙashin Madam Rifkatu. Ni na dasa miki wannan tunani, ni kuma ya kamata in tumɓuke shi.

Kin tuna ranar da kika dawo daga intabiyu. Ko mayafi ba ki cire ba kika tsaya a ƙofar kicin kina cewa, "Umma, yau na ga mace. Matar da za ta zama ogarmu, wallahi ta san aiki. Wai ta taɓa zama a asibitinku na nan Kurudu, ta ce ta san ki." Ina tsintar shinkafa a lokacin. Na tambaye ki sunanta, kika ce Rifkatu. Shekara ashirin da uku ina ciyar da ke, ban taɓa ganin idonki ya yi wannan haske a kaina ba, sai a kan matar da kika gani na minti arba'in. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba. Sai na ce miki, "A dai yi hankali da ita. Sakacinta ne ya kusa kashe wani yaro a nan, shi ya sa aka ɗauke ta." Na ga fuskarki ta faɗi, kuma na ji sanyi a raina da ta faɗi. Bayan kwana biyu kika ce mini ba za ki iya koyon aiki a hannun mai wasa da ran yara ba. To ki gyara zama, ki ji wadda ta yi wasa da ran yaro.

Tun kafin a haife ki ni ce mai rajistar awon yara a ƙaramin asibitinmu. Kowace Talata mata su cika rumfa, a rataya yaro a sikeli yana tsala ihu, a rubuta nauyinsa. Da yamma in zauna da babban littafi, in ɗebe nauyin watan jiya daga na wannan wata. Wanda ya ƙaru, alhamdu lillahi. Wanda ya ragu in zagaye lambarsa da jan biro, ranar Alhamis a bi shi har gida a ga abin da ke faruwa a tukunyar uwarsa. Shekara goma sha huɗu na yi ina wannan, har aka sa mini suna Anti Jan Biro. In an kira ni da shi nakan ɓata rai a fuska, amma a ciki ji nake kamar an naɗa mini sarauta.

Ana nan sai aka turo mana Rifkatu, 'yar Kafanchan, siririya, ba ta fi shekarunki na yanzu da yawa ba, da 'yar kwamfutarta ta ɗauka a jakar baya. Mako guda ta yi tana kwafe littafina kaf cikin jadawali. Kowane yaro da layinsa, a layin akwai gidan suna, gidan nauyin watan jiya, gidan na wannan wata, sai gida na ƙarshe na bambanci, wanda kwamfutar ke lissafawa da kanta. Da ta gama sai ta kira shugaban asibitin, Oga Bitrus, ta ce, "Oga, duba nan. Na sa masa doka. Duk lambar da ta faɗi ƙasa da sifili, da kanta za ta yi ja." Ta rage nauyin wani yaro don gwaji, gidan ya yi jawur nan take. Oga ya kira kowa da kowa, har mai shara, a zo a ga abin mamaki. Ya juyo yana dariya ya ce, "Anti Hajara, biro ya yi ritaya ke nan." Kowa ya yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ranar ce na dawo gida na zane ki a kan kofin shayin da kika fasa. Kina da shekara goma, kin yi ta mamakin yadda kofi ɗaya ya jawo miki wannan duka. Ba kofin ba ne, ki yafe mini.

Kuskurena na farko shi ne na ƙi koyo. Sau uku tana jawo mini kujera, tana cewa, "Anti, zo in nuna maki, ba wuya." Ni kuwa in ce, "Na gode 'yar nan, idona ba ya son hasken nan." Idon da ke kallon talabijin har a rufe labarai. Wata huɗu na yi ina wannan rawar, ina riƙe da littafina a gefe kamar mai gadin kabari, sai da Oga ya ce daga sama an hana littafi sannan na zauna. Yammaci uku kacal ta ɗauka ta koya mini. Sauƙin abin ya fi komai ƙona mini rai, don na so a ce yana da wuya, in samu abin fakewa. Ummi, a wurin aikinki za ki tarar da wanda bai kai ki shekaru ba ko bai kai ki takarda ba, amma ya san abin da ba ki sani ba. Ki ja kujera da kanki tun bai jawo miki ba. Kunyar tambaya ta minti biyar ce, girman kai kuwa ni wata huɗu ya ci mini, ya kuma bar mini wani miki da ban san yana ruruwa ba.

Na biyu bakina ne. Da na ga ba zan kama ta a aiki ba sai na koma wa abin da ba ta da iko a kai. In mata sun taru ranar awo, ta gama yi musu bayanin kunun yara da wanke hannu, sai in bi bayanta ina gyara ɗankwali in ce a hankali, "Ku dai ji, mai kwamfuta ce. Ba ta taɓa goyo ba, amma a littafi ta karanta." Mata su ƙyalƙyale. Sannu a hankali suka daina tambayarta, suka dawo layina, ni kuma ina ta hura hanci. Wata rana ta ji da kunnenta. Ta shiga ɗakin ajiyar magani ta daɗe, ta fito da jajayen idanu ta ce mura ce. A watan ne aka zaɓe ta zuwa taron bita na kwana uku a wani otal a cikin gari, ni da shekara goma sha huɗu ko sunana ba a ambata ba. Kwana ukun nan ban ci abinci da daɗi ba, ina ta ƙiyasta irin kujerun da take zaune a kai da irin naman da ake zuba musu. Da ta dawo ta miƙo mini jakar da aka raba musu, ta ce, "Anti, a ba Ummi ta makaranta." Shuɗiyar jakar nan da kika gama firamare da ita, wadda na ce miki ofis ne suka ba ni, tata ce. In kin ji harshenki yana ƙaiƙayi a kan abokiyar aiki, ki tambayi kanki ko da aikinta kike magana ko da abin da Allah bai ba ta ba. In na biyun ne ki tashi ki sha ruwa. Magana zarar bunu ce, ni har yau ban iya mayar da tawa ba.

Yanzu ga babban, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Lokacin da Rifkatu ta kafa jadawalin, yaranmu ɗari da arba'in ne da 'yan kai. Sai ta shimfiɗa dokar jan launin daga layi na farko zuwa na ɗari biyu, a ganinta ta bar wuri har da rara. Ba ta san Kurudu ba. Mutane suka yi ta kwararowa daga Durumi da sauran unguwannin cikin gari, gonakin da muka sani suka koma gidaje, ranar Talata rumfa ta daina ɗaukarmu. Kafin damina ta biyu mun haye layi na ɗari biyu. A lokacin an raba mana aiki. Ni nake shigar da nauyi da yammacin Talata, ita kuma ranar Alhamis da safe ta sa kwamfuta ta tace mata jajayen kawai, ta buga sunayensu a takarda ta ba masu bin gida-gida. Ba ta da dalilin gangarawa ƙasan jadawali, tunda ta amince duk yaron da ke da matsala zai taso mata da kansa.

Wata Talata ina shigar da lambobi na iso layi na ɗari biyu da goma sha uku. Danjuma ne, ɗan wata goma sha ɗaya, uwarsa manomiya ce 'yar Gbagyi, gidansu na bayan rafi. Gidan bambancinsa ya nuna ya ragu da giram ɗari uku. Alamar ɗebewa na nan a gaban lambar, 'yar sandar nan kwance, amma lambar baƙa ce wuluk kamar ta kowa. Na goge gilashina na sake dubawa. Na hau sama na ga jajaye na nan daram. Na rage nauyin wani yaro a layi na ɗari da casa'in don gwaji, ya yi ja, na mayar masa da lambarsa. Na gwada a na ɗari biyu da biyar, shiru. Nan take na gane inda jan ya tsaya.

Daɗi na ji, Ummi. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Rifkatu na zaune a teburin gaba, tsakaninmu bai kai tsawon tabarma ba. Da na ce mata zo ki gani, da minti biyu sun isa a gyara. Amma an sanar da mu cewa masu duba aiki za su zo ƙarshen wata, sai na tsara abina. Zan bari su zauna, Oga ya gama yabon 'yar lelensa, sannan in miƙe a hankali in ce, "Ranku ya daɗe, a ɗan gangara ƙasa mu gani." Har yadda zan gyara gilashi in koma in zauna na shirya. Na ce wa kaina giram ɗari uku ba wani abu ba ne, yara na yin haka, kuma mako uku ne kawai.

Ƙarshen wata ya zo aka ce an ɗage zuwan baƙin. Awo ya sake zagayowa, Danjuma ya ragu da rabin kilo, lambar kuma na nan baƙa. A nan na fara jin tsoro, amma tsoron bai buɗe mini baki ba, ƙara rufe shi ya yi. In na faɗa yanzu za a ce to watan jiya fa, ba ke kika shigar ba? Haka shirun farko ya haifi na biyu.

Wata Asabar ina dawowa daga kasuwa na haɗu da uwarsa, da itace a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, shi kuma a goye kansa ya langaɓe gefe. Ta tsayar da ni ta ce da 'yar Hausarta, "Sista, yaron nan ba ta cin abinci. Zawo kawai, kwana biyar. Masu zuwa gida ba su zo wurina ba, ko ba komai ne?" Na taɓa kumatunsa, na ja fatar hannunsa na ga yadda ta daɗe ba ta koma ba. Na san abin da idona ya gani. Da na ce ta kawo shi Litinin, da an buɗe layinsa, da Rifkatu ta ga ramin ta cike shi kafin baƙi su zo. Sai na ce, "Haƙori yake fitarwa, Maman Danjuma. Ki dinga ba shi ruwan gishiri da sukari, zai wuce." Ta yi murmushi ta gyara itacenta ta ce, "Na gode, Sista. Tunda kai ka faɗa."

Bayan kwana goma sha biyu ta shigo da shi da tsakar rana a guje. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya zube, ko kuka ba ya iya yi. Tamowa ce ta kama shi sosai. Ni na rungume shi a bayan motar Oga har babban asibiti, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina roƙon Allah kada Ya kama yaron nan da laifina. Mako uku ya yi a kwance. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Yana nan yanzu a sakandare, ɗan tsurut da shi, sa'o'insa duk sun fi shi tsawo, kuma ban san ko halittarsa ce ko aikina ne ba. Uwarsa har yau gani take ni na ceto shi, tunda ni na riƙe shi a mota. Doyar da ake kawo mana duk shekara in sabuwa ta fito, wadda kike cewa ta fi ta kasuwa gari, daga gonarta take. Kin sha tambayata me ya sa ba na ci, na ce miki tana kumbura mini ciki.

Ki riƙe wannan da kyau. Aikin da za ki yi irin namu ne, lambobin yara da na mata masu ciki. Duk lambar da kika gani da alamar ɗebewa a gabanta, wani ne ke ramewa a wani gida. Ranar da kika ga kuskuren abokin aiki, ko kina ƙaunarsa ko ba kya ƙaunarsa, ki faɗa masa kafin ki tashi daga kujerar, ke da shi, ba a gaban taro ba. Kuskuren da aka ajiye don ranar biki ba ya zama yadda aka ajiye shi, girma yake yi, kuma ba a kan wanda kika nufa yake faɗawa ba. Ni Rifkatu na haƙa wa rami, ɗan wata goma sha ɗaya ya rufta.

Saboda maganar Danjuma baƙin suka zo ba shiri. Aka buɗe jadawali a gaban kowa, aka gangara ƙasa, aka tarar da yara bakwai da suka ragu ba wanda ya bi su gida. Shugabar tawagar ta ce, "Wa ya tsara wannan?" Rifkatu ta miƙe ta ce, "Ni ce, Ma. Ni na tsayar da shi a ɗari biyu." Matar ta ce, "Wa ke shigar da lambobin?" Na ce, "Ni ce, amma ni shigarwa kawai nake yi, an ce mana kwamfuta ce ke dubawa." Oga Bitrus ya yi maza ya tare mini, ya ce, "Anti ba ta saba da na'urar ba, idonta ma na damunta." Ƙaryar ciwon idon da na yi wata huɗu ina ginawa ita ta zame mini rumfa. Sai matar ta girgiza kai ta ce da jan biron Anti ne da hakan bai faru ba. Shekara biyu ina jiran in ji wannan magana daga bakin babba. Da ta zo, ɗaci ta yi mini kamar na tauna maganin zazzaɓi, amma duk da haka na haɗiye, ban miƙe na ce komai ba. Wannan shi ne kuskurena na huɗu, kuma a wurina ya fi na ukun muni, don a lokacin na riga na ga ƙafafun yaron. In aka ɗora wa wani kayan da rabinsa naki ne, ki miƙe ki karɓi naki tun ana zaune. Bayan an watse taro nauyin ninkuwa yake yi, ga ni shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da shi.

Aka ba Rifkatu takardar gargaɗi, aka mayar da ita wani ƙauye can bayan Kwali inda ko wuta babu. Ranar da za ta tafi ta zaunar da ni ta miƙa mini aiki. A gabana ta gyara dokar, tana yi tana bayani kamar ba abin da ya faru. Tunda abin da ta koya mini ranar ya fi duk abin da zan iya ba ki daga kaina, bari in ba ki shi yadda ta ba ni. In za ki sa wa lambobin da suka faɗi ƙasa da sifili launi, kada ki shafa iya layukan da ke da suna a yau. Ki danna kan jerin tun daga sama, ya ɗauke shi gaba ɗaya har inda ba kowa, sannan ki sa dokar, don yaran da ba a haifa ba ma su tarar da ita tana jiransu. Kada ki tsaya a canza launin rubutu kawai, ki sa gidan duka ya cika da launi, saboda injin buga takarda na yawancin asibitoci baƙi da fari ne, jan rubutu in ya fito ba a bambanta shi da baƙi. Kada ki yarda wani ya ɓoye alamar ɗebewa don wai jadawali ya yi kyau. Duk ranar da aka ƙaro sababbin sunaye, musamman in kwafo su aka yi daga wani wuri aka liƙa, ki gangara layin ƙarshe ki sa lambar gwaji ki ga ko za ta yi ja, sannan ki goge. Kuma sau ɗaya a wata ki bi jerin da idonki daga sama har ƙasa kamar babu launin. Wannan na ƙarshen ta ce daga wurina ta koya.

Da ta gama ta rufe kwamfutar, sannan ta ce, "Anti, na ƙasan nan duka ke kike shigarwa, ko?" Na ce ni ce. Ta dube ni, ba da fushi ba, ta ɗan daɗe tana dubana. Sai ta ce, "To. Allah ya ba mu alheri. A gaishe mini da Ummi." Ta ɗauki jakarta ta fita. Har yau ban san ko ta sani ba. Wani lokaci in ce ba ta sani ba, in samu barci. Wani lokaci in ce ta sani sarai ta zaɓi ta yi shiru, sai in ji haushi ya taso mini sabo, don ko a haƙuri ma ta fi ni. Kin ji irin uwar da kike da ita, har haƙurin matar nake ƙyashi.

An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na ɗebo takin da hannuna na zuba mata. A ƙauyen da aka jefa ta ne wata ƙungiya ta ga aikinta ta ɗauke ta. Daga nan sai labari ya dinga iso ni ba tare da na nema ba, ko in ce ina nema ina yi kamar ban nema ba. An tura ta karatu, ta yi aure, ta haifi tagwaye, ta sayi mota, an ba ta ofis a Yola. Duk wanda ya kawo mini labari sai in ce ma sha Allah da baki kawai. Ni kuma na zauna a teburin nan da jadawalinta shekara tara, baƙi na zuwa suna yaba tsarinsa, ina cewa mun gode, har na yi ritaya aka ba ni agogon bango. Ban taɓa ce wa kowa ba ni na tsara ba.

Kada ki ɗauka na rubuto miki ne don na warke. Jiya da nake ninke miki kaya ina ta tunanin yadda za ta jawo miki kujera, yadda za ki dinga cewa Madam ta ce, Madam ta ce, yadda wata rana za ki kira ni ki ba ni shawarar da ta ba ki kamar ni ban taɓa sanin komai ba. Sai da na ajiye zanen na fita tsakar gida na sha iska. Ciwon na nan. Bambancin kawai shi ne na taɓa barinsa ya ci ɗan wata, ba zan bari ya ci tawa ba. Matar nan ita ce ta fi kowa iya aikin da kika zaɓa, a cikin duk waɗanda na sani, kuma ta ɗauke ki alhali ta ga sunan mahaifinki da unguwarku a takarda, ta san 'yar wace ce. In kika guje ta saboda maganata, na cuce ki kamar yadda na cuce ta.

Ke ma jinina ce, shi ya sa nake ji miki tsoro. Na ga yadda kika yi kwana biyu ba walwala lokacin da ƙawarki ta riga ki samun aiki. Ba laifi ba ne zuciya ta motsa, ba a hana ta. Abin da ake hanawa shi ne hannu da baki su bi ta. In kin ji abin ya taso, ki kira shi da sunansa a ranki, ki ce kishi nake ji, kada ki sa masa rigar gaskiya ko ta kishin aiki yadda na yi. Sannan ki yi wa mutumin addu'a ko da haƙoranki a cije suke, ki kuma nemi wani alheri ƙarami ki yi masa a ranar.

Babanki bai san wannan labari ba, ke ce ta farko. Zan faɗa masa da kaina in na dawo daga tasha, kuma kafin sabuwar doya ta fito zan taka har bayan rafi in zauna da Maman Danjuma, in ta kore ni ta yi daidai. Saura Rifkatu. Lambarta na cikin wayata tun shekaru, na sha dannawa in kashe kafin ta shiga. Don haka ga aiken da zan yi miki, shi ne na farko kuma mafi nauyi. In kin huta kin fara aiki, ki nemi lokacin da take ita kaɗai a ofis, ki gaishe ta da ladabi, ki miƙa mata takardar nan ta karanta duka, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, ba aikinki ba ne. Ki ce mata kawai Anti Hajara ta ce ta gani tun watan farko. In ta ga dama ta kira ni, zan ɗauka. In ba ta kira ba, ba ta yi laifi ba, ke dai ki ci gaba da jan kujera kusa da ita.

Ke kuma in kin ga ba za ki iya kirana ba na ɗan kwana biyu bayan kin karanta, na fahimta. Ki dai turo wa babanki saƙo cewa kun sauka lafiya.

In ta gayyace ki gidanta ki je, in ta zuba miki abinci ki ci ki gode. Abu ɗaya nake roƙo, ko miyarta ta fi tawa, wannan kam ki bar shi a cikinki.

Allah Ya tsare mini ke a tafe da a zaune, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki zame musu ta kirki. Allah Ya kare ki daga sharrin masu hassada, Ya kare mutane daga taki. Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara.